Babi na Bakwai: Gado Ɗaya, Magada Talatin

Ta yaya cizon sauro ɗaya yake kwantar da ƙato? Kusan kowa ya taɓa yin wannan tambaya, musamman a ƙarshen damina, lokacin da da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai jinya ba. Sauron da ya yi cizon bai kai ƙwayar shinkafa nauyi ba, abin da ya zuba a jiki kuma ido ba ya gani. Amma kafin mako biyu sai ga magidanci ya ƙudundune cikin bargo da tsakar rana, haƙora na kaɗawa.

Amsar tana cikin yawaita. Ƙwayoyin cutar da sauro yake zubawa galibi ba su wuce 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa kaɗan ba. Sai su wuce hanta, inda duk wadda ta samu masauki takan haifi dubun-dubata cikin kamar mako guda. Daga nan su malalo cikin jini, kowace ta kutsa cikin jan ƙwayar jini guda, bayan awa 48 ta fasa ta, 'ya'ya da sukan kai 16 zuwa 32 su fito, su ma su sake sabon zagaye. Wannan fashewa ce take tayar da zazzaɓi. Ɓarnar da yawaitar take yi ba ƙarama ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da cutar sau miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 suka rasu, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Najeriya suke.

Sai dai akwai ƙulli a cikin wannan lissafi. Akwai wani sashe na jikin ƙwayar cutar wanda babu 'yar da za ta rayu ba tare da shi ba, uwar kuwa guda ɗaya tak gare ta. Yadda take raba abu ɗaya ga magada talatin, ba a bar kowa hannu rabbana ba, shi ne abin da za mu bi diddigi a wannan babi.

Abin da ba a ƙera shi sabo

Sunan wannan sashe mitokondiriya. Tana cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum da dabba da tsiro. Aikinta da aka fi sani shi ne sarrafa sukari da kitse da taimakon iskar oksijin, ta fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi tsoka take motsi, da shi zuciya take bugawa. Iskar da kake shaƙa yanzu, can take ƙarewa.

Mitokondiriya ta sha bamban da sauran sassan ƙwayar halitta. Fatarta ninki biyu ce, tana da nata DNA, wato rubutun gado, daban da wanda ke cikin cibiyar ƙwayar, kuma tana yawaita ne ta hanyar rabewa biyu, yadda bakteriya suke yi. Waɗannan alamu ne suka sa wata masaniya 'yar Amurka, Lynn Margulis, ta tsaya kai da fata tun 1967 cewa asalin mitokondiriya bakteriya ce da ta shige cikin wata ƙwayar ta zauna, fiye da shekara biliyan ɗaya da rabi da suka wuce. A yau masana ilimin halittu sun haɗu a kan haka. A jikin mutum, rubutun gadonta haruffa 16,569 ne, yana ɗauke da umarnin ƙera furotin 13.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne ƙwayar halitta ba ta iya ƙera mitokondiriya daga babu. Kowace mitokondiriya daga wata ta fito. Naka duka daga mahaifiyarka ka gaje su, ta cikin ƙwan da aka halicce ka daga gare shi. Ƙwayar da aka haifa ba ta samu rabonta ba, babu inda za ta samo.

Mai ɗaruruwa da mai ɗaya

Ga ƙwayoyin jikinmu rabon ba shi da wuya. Ƙwayar hanta guda tana iya ɗaukar mitokondiriya dubu ko fiye. Idan lokacin rabuwa ya zo, wani furotin daga dangin da ake kira dainamin yakan naɗe su, ya matse har su tsinke guntu-guntu, su bazu ko'ina. Da ƙwayar ta rabe biyu, kowane ɓangare ya tafi da kusan rabi. Ko da wani ya ɗan fi wani, babu wanda zai rasa.

Ƙwayoyin cuta uku da za mu duba ba su da wannan wadata. Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro, da Toxoplasma da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, da Trypanosoma mai kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, kowace jikinta ƙwaya ɗaya ne, mitokondiriyarta ma ɗaya. Don haka dole ta girma daidai gwargwado, ta isa inda kowace 'ya take, a kuma yanke ta a kan kari. Sauye-sauyen siffa da ake gani tana yi, su ne hanyar cika waɗannan sharuɗɗa uku, kuma kowace cuta da irin tata dabarar.

Awa 48 a cikin jan ƙwayar jini

Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya soki yatsan majinyaci, ya shafa ɗigon jini a kan gilashi, ya rina, ya duba a madubin ƙara girma, abin da yake nema shi ne ɗan zobe shuɗi mai jan ɗigo a gefe, zaune a cikin jan ƙwayar jini. Wannan ita ce ƙwayar cutar tana ƙuruciya. Rinin ba ya nuna mitokondiriyarta, shi ya sa aka daɗe ba a ga abin da take yi ba. A 2005 wasu masu bincike a Melbon ta Ostireliya, Giel van Dooren da abokan aikinsa a ɗakin binciken Geoffrey McFadden, suka liƙa wa sassan ƙwayar furotin mai ƙyalli, suka bi su tun daga zobe har fashewa.

A yini na farko mitokondiriyar 'yar guntuwa ce. Da ƙwayar ta fara cin abin da ke cikin jan ƙwayar jini tana ƙiba, sai ita ma ta fara miƙewa. Daga nan cibiyar ƙwayar ta shiga rabewa: ɗaya ta zama biyu, wannan ta rabe, waccan ta biyo baya, ba a tare ba, har su haura goma, su haura ashirin, duk a cikin jiki ɗaya da bai rabu ba tukuna. A wannan lokaci mitokondiriyar takan fitar da rassa, rassan su fitar da wasu, su ratsa tsakanin cibiyoyin ta kowace kusurwa. Duk yawan rassan nan, har yanzu abu ɗaya ne a haɗe.

Sai a sa'o'in ƙarshe ake yanka. A 2024 masu bincike a birnin Nijmegen na ƙasar Holan sun bayyana wannan mataki dalla-dalla, bayan sun yi amfani da madubin da ke fere ƙwaya siriri-siriri yana ɗaukar hotonta, sannan kwamfuta ta harhaɗa. Sun ga cewa yayin da fata ta fara zagaye kowace cibiya don fitar da 'ya, mitokondiriyar takan sake tsari: ta tattaru wajen tsakiya, rassanta su fita ta kowane gefe, kowane reshe ya nufi cikin 'ya guda. Bayan kowa ya karɓi reshensa ne take tsinkewa, da farko manyan gutsattsari, sannan ɗaya-ɗaya. Mai yankan, kamar yadda wani bincike na baya-bayan nan a Amurka ya nuna, shi ma ɗan gidan dainamin ne, kuma da aka hana ƙwayar cutar ƙera shi, rabon ya lalace, yawaitar ta tsaya.

Amfanin jinkirin a fili yake. Guntun da aka yanke da wuri yana iya karkata ko'ina, wata 'ya ta samu uku, wata ta rasa. Reshen da ke haɗe da uwarsa kuwa yana nan inda aka kai shi har a rufe ƙofa. A hanta ma haka abin yake, sai dai girman aikin ya ninka: binciken da aka yi da irin cutar da ke kama ɓeraye ya nuna mitokondiriya ɗaya tana yaɗuwa ta cika jikin da zai haifi dubban 'ya'ya, ba a yanke ta sai dab da ƙarshe.

'Ya'ya biyu a cikin uwa

Toxoplasma 'yar uwar Plasmodium ce ta jini. An fara ganinta a 1908, a Tunisiya cikin wani ɓeran duwatsu da ake kira gundi, a Burazil kuma cikin zomo. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna ɗauke da ita, yawanci ba tare da wata alama ba, amma tana da haɗari ga ɗan tayi da kuma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Haihuwarta ta daban ce. A cikin jikin uwar ake gina 'ya'ya biyu, su yi ta girma suna kwasar kayanta, har su cika ta, su yafa fatarta su fito. Zagayen yakan ɗauki awa shida zuwa takwas. Lokacin da take zaune cikin ƙwayar mai masaukinta, mitokondiriyarta takan miƙe ta bi gefen jiki ta zagaye, tana manne da bango ta ciki. Da ta fito fili, sai zagayen ya saki, ta dunƙule ko ta zama dunƙule mai jela.

A 2008 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya suka jera yadda kayan uwa suke shiga 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, suka tarar mitokondiriya ce ta ƙarshe. Cibiya ta rabu ta shiga, sauran sassa sun shiga, ita tana gefe. Sai 'ya'yan sun kusa fitowa take zura reshe cikin kowace, ta ƙasa, ya haura ya zagaye sabon jikin. Daga baya wasu masana a jihar Indiyana suka gano furotin da ke ɗaure ta da bango, suka sa masa suna LMF1. Da aka cire shi, sai ta dunƙule wuri guda, rabo ya rikice: wasu 'ya'yan suka fito babu mitokondiriya, wani ɓangarenta kuma aka bar shi a waje. Wannan ya nuna cewa zagayen da take yi a gefen jiki yana cikin shirin rabon gado tun kafin a fara gina 'ya'yan.

Sulken sammore

Ta uku ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Makiyayi ya san saniyar da ƙudan tsando ya ciza: ta rame, gashi ya tashi, ido na hawaye, nono ya ƙafe. Ciwon barci kuwa ya taɓa tsananta a Arewa har gwamnatin mulkin mallaka ta tashi mutanen yankin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Har yau akwai cibiyar bincike kan wannan cuta a Kaduna.

Trypanosoma doguwa ce siririya, tana iyo da wata bulala da ta fito daga wajen bayanta ta bi tsawon jiki. A jinin saniya ko na mutum, inda sukari ya wadata, mitokondiriyarta bututu ne guda mai bin tsawon jiki, ba ta da yawan aiki. A cikin ƙudan tsando, inda sukari ya yi ƙaranci, sai ta buɗe ta zama raga mai cika jiki. Ko a cikin jini, in rabuwa ta gabato, bututun yakan fitar da rassa da lanƙwasa har ya zama raga, sannan a datse rarar, a bar bututu biyu, ɗaya ga kowace 'ya. Masu bincike a Bern ta Siwizalan ne suka bayyana haka a 2016.

Babban abin mamakin yana cikin rubutun gadonta. A kan gilashin gwaji, ban da cibiya, ana ganin wani ɗan ɗigo mai duhu kusa da gindin bulalar. Shi ake kira kinetofilas, kuma duk DNA na mitokondiriyar ne a dunƙule wuri ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da barade a hawan sallah ya ga sulke: ƙananan zobban ƙarfe, kowanne ya sarƙe da maƙwabtansa, har suka zama riga guda da ba a iya zare zobe ɗaya sai an buɗe shi. Haka kinetofilas yake. Zobba ne na DNA, manya 'yan gomomi, ƙanana dubbai, duk a sarƙe. Manyan suna ɗauke da umarnin ƙera furotin, amma rubutunsu da giɓi, haruffa da yawa ba sa nan. Ƙananan ne ke ɗauke da gyaran. Rob Benne da abokan aikinsa a Amsterdam ne suka fara gano wannan gyaran rubutu a 1986. Ke nan 'yar da ta samu manyan zobba ba ta samu cikakkun ƙanana ba, ta gaji rubutun da ba ya karantuwa.

To yaya ake kwafar sulke? Wani furotin yakan buɗe ƙaramin zobe ya zare shi, a kwafe shi ya zama biyu, a mayar da su a gefuna biyu masu fuskantar juna. Kowane sabon zobe ana barinsa da ɗan giɓi, alamar an gama da shi, don kada a maimaita. A haka har rigar ta ninka, sannan a toshe giɓin, a raba ta biyu.

Abin da ke jan gadon

Saura wanda zai ja kowane rabi zuwa wajen mai shi. A 1991 Derrick Robinson da Keith Gull a Ingila suka nuna cewa gindin bulala ne yake wannan aiki. Kafin ƙwayar ta rabu takan tsiro da sabuwar bulala kusa da tsohuwar, kuma yayin da gindin biyu suke nesanta da juna, kowanne yana tafiya da rabin kinetofilas.

Amma gindin bulala a wajen mitokondiriya yake, kinetofilas kuwa a ciki, fata biyu a tsakaninsu. Abin da ya haɗa su an bayyana shi a 2003, a wani aiki da masani ɗan Najeriya, Emmanuel Ogbadoyi, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ya yi tare da Robinson da Gull. Sun nuna cewa ɗauri ne mai hawa uku: wasu zarurruka daga gindin bulala zuwa fatar waje, sai wurin da fatun biyu suka sauya suka matsu, sai wasu zarurrukan daga fatar ciki zuwa zobban. Tun daga lokacin masana suke ta zaƙulo furotin ɗin da suka haɗa wannan ɗauri, kuma duk sa'ad da aka lalata ɗaya daga cikinsu, sakamakon iri ɗaya ne: wata 'ya ta kwashe zobban duka, 'yar uwarta ta tashi babu ko ɗaya.

Inda magani yake samun ƙofa

Me ya sa ake kashe shekaru ana leƙen abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita kauri ba? Domin magani nagari shi ne wanda ya bugi abin da cuta take da shi, mu ba mu da irinsa. Mitokondiriyar waɗannan ƙwayoyi ta bambanta da tamu ƙwarai, kuma ba su da ta biyu.

Ɗauki Plasmodium. Rubutun gadon mitokondiriyarta haruffa kusan 6,000 ne kawai, furotin uku yake ƙerawa, yana cikin mafi gajarta da aka sani. A cikin jini ma ba ta dogara da ita wajen samun kuzari ba, sukari take ci kai tsaye. Duk da haka maganin atobakwon, wanda ke cikin ƙwayar Malarone, yana kashe ta ta hanyar toshe ɗaya daga furotin ukun nan. A 2007 ɗakin binciken Akhil Vaidya a Filadelfiya ya warware dalili: ƙwayar tana buƙatar mitokondiriyar don ƙera tubalan DNA, kuma mai shirin haihuwar talatin ba ta iya yi babu su. A 2016 kuma masu bincike a Melbon suka nuna cewa ƙwayoyin da suka sauya wannan furotin don su gagari maganin sukan kasa girma a cikin sauro, inda ake buƙatar cikakken aikin mitokondiriya. A cikin sauro ne mace da namijin ƙwayar cutar suke haɗuwa, amma tun da ta wajen mace kaɗai ake gadon mitokondiriya, haɗuwa da namiji lafiyayye ba ya gyara lahanin. Magungunan da aka fi sha a asibitocinmu, masu sinadarin atemisinin, ta wata hanya daban suke aiki, amma da yake an fara ganin alamun turjiya gare su a Asiya da gabashin Afirka, kowace sabuwar ƙofa tana da daraja.

A ruga ma labarin ɗaya ne. Garin maganin Samorin da ake damawa a yi wa shanu allura yana taruwa ne a mitokondiriyar ƙwayar sammore, ya liƙe wa zobban. Sai dai cutar tana da mafita. Akwai wata irinta, Trypanosoma evansi, mai kama raƙuma da dawaki, wadda Griffith Evans ya gano a Indiya a 1880, kuma tana damun masu raƙuma a Nijar da Chadi da Sudan. Ita ta rasa manyan zobbanta, wasu ma duka, don haka ba ta iya rayuwa a cikin tsando. Wasu ƙudaje masu cizo ne ke ɗaukarta a baki daga dabba zuwa dabba. A 2013 masana a Edinbara suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya a wani furotin ya isa ya sa ƙwayar da ke cikin jini ta rayu babu kinetofilas, kuma irin wannan ƙwaya ba ta jin magungunan da ke bugun zobban yadda ya kamata. Wannan babban dalili ne na yi wa dabba allura cikakkiya yadda likitan dabbobi ya tsara. Tsinkakken magani ba ya kashe cuta duka, masu taurin kan yake bari su hayayyafa.

Cututtukan uku sun bi hanyoyi uku, amma ƙa'idarsu ɗaya: a girmar da mitokondiriya tana haɗe, a ɗaure ta ko a kai ta inda ya dace, a yi yanka daga ƙarshe. Duk matakin da aka iya katsewa a cikin ukun nan, an katse yawaitar da ke kwantar da mutum ko saniya.

Akwai kuma wani abu da masu binciken Melbon na 2005 suka gani manne da mitokondiriyar Plasmodium, yana miƙewa tare da ita, yana fitar da rassa, har ma yana riga ta rabewa. Fatarsa ninki huɗu ce, yana da nasa DNA, kuma asalinsa daga gansakukar ruwa yake, dangin abin da ke sa ganye ya yi kore. Sunansa afikofilas. Yadda guntun tsiro ya samu kansa a cikin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da dalilin da ya sa wasu magungunan kashe bakteriya suke kashe ta a zagaye na biyu maimakon na farko, shi za mu duba a babi na takwas.